Ɗanliti Mai Haƙƙin Mallaka

Bagudo gari ne da aka yi wa baiwa. Ga kogin Kwara da kifinsa, ga fadamar shinkafa iya ganin ido, ga iyakar Benin nan kusa, inda mutum zai karya kumallo da naira ya ci abincin rana da sefa. A kan duk wannan kuma aka ƙara wa garin Alhaji Ɗanliti mawaƙi, wanda idan ka tambaye shi zai gaya maka cewa sauran baiwar duk share fage ce.

Shi ne Zakin Makirufo. Shi ne Kakakin Iyaka, Ganuwar Waƙar Kabi. Saboda tausayin da yake wa sarakuna da yawan aikinsu, bai taɓa wahalar da ko ɗaya ya naɗa shi ba. Duk sarautun nan shi ya naɗa kansa, ya kuma yi wa kansa mubaya'a. Mutanen gari ma ba su bar shi haka ba, sun ƙara masa tasu: Injin Niƙa. Da labari ya kai masa, sai ya ce ai gaskiya suka faɗa, shi ne ke niƙe sauran mawaƙa. Ba wanda ya ga dalilin yi masa ƙarin bayani.

Darajarsa duk a kan waƙa guda take tsaye. A shekarar 1991, da aka ba da sanarwar an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, Ɗanliti ya fito da waƙar murna, ta kuwa zagaye ƙasa. Tun daga ranar yake ɗaukar kansa cikin waɗanda suka kafa jihar, a sahun gaba.

"Da ban yi wagga waƙa ba," in ji shi, "da har yau Sakkwato muke zuwa sa hannu ga takarda."

Idan wani mai ƙarfin hali ya tuna masa cewa sai bayan sanarwa aka yi waƙar, sai ya dube shi da tausayi. Ai gwamnati ce ta ji ƙishin-ƙishin yana shirin yin ta, shi ya sa ta yi sauri don kada ta ji kunya.

Waƙar kuwa tana da daɗi, wannan ba gardama. Namadi, mutumin Matsinkai, shi ke buɗe ta da kalangu. Sai Hamsatu, mutuniyar Sharabi, ta ja matan amshi da murya siririya mai shiga jiki: ruwa ya kawo, shinkafa ta nuna, Kabi ta tsaya da ƙafarta. Da wannan amshi mata ke daka, da shi masu kwale-kwale ke tuƙi. Tsakanin amshi da amshi ne Zaki ke shigowa. Yakan jero sunayen waɗanda suka taɓa ba shi riga, sannan ya yi wa kansa kirari har numfashi ya ƙare. Masu sauraro sun saba. Daidai nan ake tashi a sha ruwa a dawo.

Da zamanin kaset ya shuɗe, sai aka sake ɗaukar waƙar a sutudiyon Gbolahan, wani Bayarabe mai haƙuri da ke bayan tasha. Gbolahan ya so a shiga gaba ɗaya a yi a gama. Ɗanliti ya ce Allah ya kiyaye.

"Numfashina ba shi gamuwa da na 'yan amshi cikin makirufo guda. Kowa shi shiga shi kaɗai. Ni kuma ranata daban."

Haka aka yi. Aka ɗauki kiɗa daban, amshi daban, Zaki daban, Gbolahan ya haɗa su a kwamfuta. Aikin da ya yi a kan muryar Zaki kafin ta zauna cikin waƙar, bai taɓa ba kowa labarinsa ba. An dai lura cewa a makon ya rame.

A yi wa Ɗanliti adalci, an cuce shi. Shekara da shekaru masu kaset sun kwafi waƙar sun sayar. Bayan su masu cajin waya suka riƙa zuba ta a memori ga duk wanda ya miƙo hannu, ko sisi bai taɓa isowa gare shi ba. Abin da ake samu a biki da suna ne kawai, shi kuma aljihun babbar rigarsa yake shiga, aljihu mai zurfi wanda ba a taɓa ganin abu ya fito daga cikinsa ba. Namadi na samun kuɗin mota. Hamsatu na samun goro, da turmin zane a sallar da aka tuna da ita.

Ana nan sai wata ƙungiya ta kira taron wayar da kan mawaƙa a Birnin Kebbi. Ɗanliti ya je. Bayan abincin rana barci ya ɗauke shi, amma abin da ya ji da safe ya ishe shi har ƙarshen rayuwa. Ya dawo da jaka mai tambari, da katin shaida rataye a wuya wanda bai ƙara cirewa ba sai wurin wanka, da kalmomi biyu: haƙƙin mallaka, da royaliti, wato ladan da ake biyan mai waƙa duk lokacin da aka yi amfani da waƙarsa. Kafin motar ta iso Bagudo ya ƙara wa kansa sarauta. Farfesa.

Daga nan gari ya shiga makaranta. Saifuddeen mai shayi ne ɗalibi na farko. Farfesa ya same shi rediyonsa na rera waƙar, ya bayyana masa cewa duk kofin da aka sha a cikin sautin nan yana da rabo a ciki. Ya karɓi rabonsa nan take, da madara, da burodi. Ya tare wani ɗan kabu-kabu da ke rera amshin da fito, ya ce fito ma kwafi ne, kwafi da baki. Masu waƙar a kiran waya kuwa ya yi musu sassauci: su riƙa ɗagawa da wuri, don in ta daɗe tana ƙara ta zama wasa a bainar jama'a.

Bai tsaya a gida ba, don ilimi ba ya sanin iyaka. Wata ranar kasuwa ya ƙetara Benin, ya ji waƙar na tashi a rumfar wata mai abinci. Ya tsaya a bakin rumfar, ya gyara kati, ya yi jawabi mai tsawo da Hausa, ya yayyafa masa Faransanci ɗan kaɗan da ya tsinta a tasha. Matar ba ta jin Hausa sosai. Ta ga dattijo da babbar riga yana ɗaga murya yana miƙa hannu, ta fahimci abin da kowa zai fahimta, ta ba shi burodi dogo irin nasu ta yi masa addu'a. Ya dawo da shi a hammata. Ya kwana biyu bai ci ba, yana nuna wa baƙi a matsayin royaliti na ƙasa da ƙasa na farko da ya shigo ƙaramar hukumar.

Sannu a hankali waƙar ta ɓace daga gari. In ta shigo a rediyo sai a murɗa. Mata suka koma daka shiru. Farfesa ya zagaya kasuwa bai ji ta ko'ina ba, ya ce alhamdu lillahi, jama'a sun fara girmama doka.

A cikin wannan hali ne Ogechukwu ta zo masa. 'Yar Nwankwo mai kemis ce, a Bagudo aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu masu rawani. Ta yi karatun kwamfuta ta dawo tana buga katin biki da fastar 'yan takara, amma abin da ranta ke so shi ne katun, zanen kwamfuta mai motsi. A 2016 jiha za ta cika shekara ashirin da biyar, sai ƙungiyar 'yan kasuwar gari, ƙarƙashin Alhaji Bunyaminu, ta ba ta aikin ɗan gajeren katun da za a haska ranar bikin. Shi ne aikinta na farko na gaske. Ubanta ya riga ya gaya mata cewa in wannan bai yi ba, akwai shagon kawunta a Onitsha yana jiran mai tsaro.

Ta zana kwale-kwale ɗauke da buhun shinkafa yana bin Kwara. Ta zana mata a fadama, da wata dorina mai son rawa. Duk motsin ta ɗora shi a kan waƙar jiha: kowane bugun kalangu da tuƙinsa, kowane amshi da sunkuyon mata. Canja waƙa yana nufin sake aikin wata da watanni. Sai ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi wa Ɗanliti tun da ya fara buɗe baki. Ta zo neman izini, da kuɗi a hannu.

Ta durƙusa ta gaishe shi a zaure. "Baba, ina wuni."

"Farfesa."

"Baba Farfesa, ina wuni."

Ta buɗe kwamfutarta ta nuna masa. Wani mawaƙin da ya ga waƙarsa ta samu ƙafa tana tafiya a kan ruwa, da ya yi hawaye. Ɗanliti ya fi ƙarfin wannan. Ya kalla har ƙarshe yana neman kansa bai gani ba.

"Ɗiyar Nwankwo, kin yi ƙoƙari, amma ba ki san doka ba. Ga sharuɗɗa. Sunana shi fara hitowa, kahin sunan jiha. A zana ni gaban jirgi, tsaye, in ɗara giginya tsawo, kuma a cike min wanga giɓi na haƙori. Dorina a hidda ta, mutanen garin ga ba su da tarbiyya, kwatance za su yi. Batun royaliti kuwa, ba da kai ake lissahi ba. Mutum guda kunne biyu gare shi. Kowane kunne ya ji, kowane shi biya."

"Baba, kuɗin aikin duka ba su kai nan ba. Kuma cikin wanda na kawo akwai rabon Inna Hamsatu da Baba Namadi."

"Rabon wa?" Ya yi dariya har katin wuyansa na rawa. "Ɗiyata, kin taɓa ganin an biya makirufo?"

Ta fito idonta ya kawo ruwa, ta wuce kai tsaye wurin Alhaji Bunyaminu. Shi kuma mutum ne mai son sulhu, sai ya kira zama a ɗakin taron ƙungiya, ya ce Gbolahan ma ya zo da kayansa ko za a buƙaci jin waƙar.

Farfesa ya iso a makare, yadda ya kamaci manya. Ya zo da Namadi da Hamsatu da sauran matan amshi, ba don yana buƙatar su ba, sai don babban mutum ba ya shiga taro bayansa fayau. Ya zaunar da su a tabarma. Shi ya hau kujera, sannan ya miƙe kafin a ba shi dama.

"Jama'a, ku kasa kunne, ilimi zan ba ku kyauta, yau kaɗai. Doka ta ce duk abin da ya hito daga kan mutum, ko bakinai, ko hannunai, nashi na. Ba a taɓa shi sai da izninai. Ba a amfani da shi sai an biya. Ko tari ka yi cikin waƙa, tarinka na, kuma yana da kuɗi. Mai fasaha ba bawan kowa ba na. Duk wanda ya ci gumin mai fasaha ɓarawo na, ko da babbar riga gare shi. In sake hwaɗi? Ɓarawo na!"

Aka tafa, don jawabin ya yi kyau. Daga kan tabarma sai aka ji muryar Hamsatu. Ta manyanta yanzu, ta kuma shafe shekarun nan duka tana buɗe baki ne kawai idan Zaki ya rufe nasa.

"Maigida, in yi tambaya?"

"Tambayi. Ai don irinku munka yi karatu."

"Amshin ga na waƙar jiha, na wa na?"

Farfesa ya juyo ga jama'a don su shaida irin tambayoyin da malami ke fama da su. "Amshi? Ni in zamna in tsara amshi? Aikin mata na. Ke kinka ƙago abinki kina dashen shinkahwa ga fadamar Sharabi, na ji, na tausaya mishi, na ɗora muryata bisa ya zama waƙa."

"Kiɗin hwa, Maigida?" in ji Namadi.

"Hannunka na mana. Kun taɓa ganin na taɓa fatar akuya?"

Hamsatu ta gyara mayafi. Ta san abin da za ta faɗa zai raba ta da biki da suna, da goron, da zanen sallar da akan tuna. Duk da haka ta faɗa.

"Alhaji Bunyaminu, kun ji da kunnenku. Ni ban yi karatu ba. Amma tun da nawa na, kuma ba a taɓa biyana ba, na janye abina."

Namadi ya dubi ƙasa, ya dubi kalangunsa. "Ni ma na janye hannuna."

Ƙaramin mutum zai ji an yi masa juyin mulki. Farfesa murna ya yi.

"Ku janye! Dama ku ad da nauyi. Waƙa ni na. Gbolahan, kana da muryata ita kaɗai ko? Sa ta, jama'a su ji inda kuɗi suke."

"Alhaji," in ji Gbolahan a hankali, "da an bari."

"Farfesa. Kuma na ce a sa. Ta asali, wadda ba ka taɓa ba. A ƙure lasifika."

Gbolahan ya dubi rufin ɗakin kamar mai neman gafara, ya danna.

Abin da ya fito, marubuci ba shi da kayan aikin kwatanta shi. Ya fara da gyaran murya mai tsawo, irin na wanda ƙaya ta maƙale wa. Sai ihu. Sai sunayen attajirai, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, kowane suna a kan nasa karin, ba wanda ya san maƙwabcinsa. Inda amshi yake a da, yanzu ana jin haki, da jan majina, da Zaki yana tambaya ko an kawo abinci. Wani jariri ya fashe da kuka a bayan uwarsa. Wata mai fura da ke waje ta leƙo ta taga ta tambaya ko haƙori ake cire wa wani.

Farfesa na tsaye, ido a rufe, yana gyaɗa kai yana bin abin da yatsa. Da ya buɗe ido ya ga manyan 'yan kasuwa sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na girgiza, wasu na share hawaye da bakin riga. Ya ji tausayinsu. Ba kowace zuciya ke iya ɗaukar fasaha tsantsa ba.

"Kun ji ko? Wanga shi na zinari kahin a gauraya shi. Don haka kuɗi sun ninka."

Alhaji Bunyaminu ya daɗe kafin ya iya magana. Da ya samu kansa, ya ce cikin ladabi ƙungiya ƙarama ce, ba ta da ƙarfin sayen tsantsa.

"To na hana!" Ɗanliti ya buga sanda. "Ko harafi guda nawa ya hito cikin katun ɗin ga, kotu za ta raba mu. Ku yi bikinku ba ni, mu gani!"

Ya fita, rigarsa na share ƙasa. Wannan karon bayansa fayau.

Ya koma gida ya sa aka fito masa da kujera ƙofar zaure, tana fuskantar hanya. Kullum da safe yakan sa riga, ya rataya kati, ya zauna jiran tawagar ban haƙuri. Ya riga ya shirya jawabin da zai yi musu: zai ƙi sau biyu, a na uku ya yarda saboda jiha. Awaki sun wuce. Masu tallan kifi sun wuce. Tawaga dai tana hanya.

Ogechukwu kuwa ta hau kabu-kabu ta bi taɓon damina zuwa Sharabi. Ta sami Hamsatu a fadama, ruwa har gwiwa. Tun ranar taron ba wanda ya kira ta biki, ta kuma fara tunanin ko bakinta ya ja mata. Suka zauna a kan kunyar gona. Ogechukwu ta yi mata bayani dalla-dalla: ga abin da za a ba ta yanzu ita da matanta, ga rabon da zai riƙa zuwa duk lokacin da aka sayi katun ɗin ko aka haska shi a wani taro, ga na Namadi. Hamsatu ta saurara, amma hankalinta na wani wuri.

"Ɗiyata, sunana hwa? Za a rubuta?"

"Za a rubuta, Inna. Da manyan baƙi."

"Ga bango? Kowa shi gani?"

"Kowa."

Hamsatu ta juya ta wanke fuskarta da ruwan fadama, ta daɗe tana wankewa.

Ranar bikin, bayan la'asar, aka toshe tagogin ɗakin taro da tabarmi da buhuna, aka tayar da janareto, aka kafa na'urar haska hoto. Mutane sun zo daga Zagga da Matsinkai da Sharabi, har da na ƙetare. Farfesa, da ya ga tawaga ta yi jinkiri, ya yanke shawarar sauƙaƙa mata. Ya zo da kansa ba gayyata, ya zauna a kujerar gaba, ya ɗaga wayarsa sama don ya naɗi shaida. Harafi guda yake jira.

Kalangu ya buɗe. Kwale-kwale ya taso a bango, tuƙi na faɗuwa daidai kan bugu. Muryar Hamsatu ta cika ɗakin, matan zane suka sunkuya suka ɗago, matan gaske suka karɓi amshin da suka daɗe suna tsoron rerawa. Da aka zo inda Zaki ya saba shigowa, sai kalangu ya samu fili shi kaɗai, dorina ta fito daga ruwa ta girgiza ƙugu. Ɗaki ya kece da dariya da guɗa. Abin mamaki, ba wanda ya tashi shan ruwa. A ƙarshe sunaye suka hau bango: amshi da kari, Hamsatu Sharabi; kiɗa, Namadi Matsinkai; zane, Ogechukwu Nwankwo. Aka ce a sake. Aka sake. Nwankwo mai kemis na tsaye a baya yana gaya wa duk wanda ke kusa da shi cewa 'yarsa ce, har da waɗanda suka halarci sunanta.

Hannun Farfesa ya gaji da riƙon waya. Harafin bai zo ba.

Ana watsewa sai wani dattijo daga Zagga, Malam Ɗanmusa, ya ratso jama'a da sandarsa ya kama hannun Ɗanliti biyu-biyu. Mutum ne da ba ya zolaya, ba ya ma gane ta in an yi.

"Alhaji, Allah shi ƙara basira. Tun da anka yi jiha nike jin wagga waƙa taka, amma wallahi ban taɓa jin ka yi ƙoƙari irin na yau ba."

Waɗanda ke kusa da Ɗanliti suka ja da baya, suna jiran ko faɗuwa ko fashewa. Wani a matsayinsa da ya tafi gida ya cire katin, ya nemi gona. Amma ba a banza mutum ke zama Farfesa ba. Ya tsaya yana tunani, fuskarsa na washewa kaɗan-kaɗan, har ta haskaka gaba ɗaya.

"Na gode, Malam," ya ce. "Kai kaɗai ka gane aikin."

Washegari da hantsi ya bayyana a ɗakin ƙungiya, inda Alhaji Bunyaminu da Ogechukwu ke sallamar Hamsatu da Namadi. Ya sa sabuwar riga.

"Na zo kan haƙƙina. Wanga wuri da kunka ji tsakanin amshi da amshi, inda dorina ka rawa, wurin wa na? Nawa na. Mi kunka ji a wurin? Shiru. Wa ya yi shi? Ni. Da ban yi shiru ba, da kun ji shi? Jiya jama'a sun shaida shi ya gyara waƙar. Kun yi amfani da shiruna ba izini, a bainar jama'a, har sau da yawa. Doka ta ce a biya."

Ogechukwu ta buɗe baki za ta yi gardama. Alhaji Bunyaminu ya ɗaga mata hannu. Shekararsa talatin yana ciniki, ya san kaya mai kyau in ya gani.

"Farfesa, magana taka gaskiya ta. Amma mu 'yan kasuwa ba mu sayen abu sau guda. In mun biya, za a riƙa samun kayan kullum? Ga biki, ga suna, ga kasuwa?"

"In dai ana biya, ba za a rasa ba. Ni ad da shi, ni kaɗai."

Hamsatu ce ta fara kwance bakin zanenta ta ajiye nata kuɗin. Namadi ya bi. Kafin azahar labari ya zagaye kasuwa, mahauta suka aiko, masu kifi suka aiko, direbobin tasha suka ce a sa su a ciki, wasu ma ba a tambaye su ba. Aka tsayar da magana: duk ranar kasuwa za a haɗa a kai masa har gida.

Tun daga lokacin ba a taɓa yin latti ba. In ana biki za ka gan shi a kujerar gaba, baki a rufe, yana aiki, yana duban Hamsatu da Namadi da idon wanda ya san shi ke ɗauke da taron. Yakan ce duk cikin ayyukansa wannan ne jama'a suka fi fahimta, kuma a nan ba wanda ke musa masa.

Kwanan baya, da kaya suka yi tsada, ya aika wa ƙungiya cewa in ba a yi masa ƙari ba zai koma waƙa.

Kafin la'asar aka ƙara.